Mabuɗai Bakwai a Aljihu Ɗaya: Nazarin Abin da Ya Biyo Bayan Rasuwar Wani Mai Hidimar Unguwa a Bauchi

Da aka dawo da kayansa daga asibiti a cikin leda, an sami zoben mabuɗai a aljihun rigarsa, guda bakwai. Biyu na gida ne, ƙofar zaure da ɗakinsa. Ɗaya na shago. Ɗaya na ɗakin ajiya na maƙabarta, inda makara da diga da shebur suke. Ɗaya na akwatin lasifikar masallaci, ɗaya na akwatin sifanonin famfon tuƙa-tuƙa. Na bakwai ɗan ƙarami ne, irin na kwaɗon akwatin ƙarfe, kuma a ranar duk gidan babu wanda ya san kwaɗon da yake buɗewa.

Ba za a ambaci sunansa ko na unguwarsa ba. Yaran layi Baba suke ce masa, a nan ma haka za a kira shi. Haifaffen cikin ganuwar Bauchi ne. Ya shiga kamfanin Steyr yana saurayi a farkon shekarun 1980, lokacin da ake harhaɗa manyan motoci da taraktoci a can, a nan ya koyi riƙon sifana. Daga baya ya buɗe shagon walda da gyaran injin niƙa, ya gina gida a wata sabuwar unguwa ta gefen gari wadda bututun ruwan madatsar Gubi bai iso layinsu ba. Ya rasu yana da shekara 66. Ya bar mahaifiyarsa da rai, da mata biyu, da 'ya'ya 11, maza 6 mata 5, uku daga cikinsu ba su balaga ba. Akwai kuma jikoki uku a gidan, 'ya'yan babban ɗansa wanda ya riga shi rasuwa.

In ya fito masallaci da asuba ɗakin Iya yake fara shiga, ya durƙusa ya gaishe ta, ya duba ko an dama mata kunu, ya ƙirga ƙwayoyin maganinta da suka rage. Cefane da kansa yake yi a kasuwar Muda Lawal, kuma ba ya yarda kason wani ɗaki ya fi na wani ko da albasa ɗaya. Kuɗin makaranta a ambulan yake sawa, kowace da sunan yaro, na jikoki a sama. A waje kuwa shi ne mai kiran masu haƙar kabari, shi ne mai gyaran famfo, shi ne mai tara hatsin ciyarwar azumi, shi ake buga wa ƙofa da tsakar dare in naƙuda ta tsananta.

Babu wanda ya yi musu a unguwar cewa ya kamata a ci gaba da ayyukansa. Inda aka sha wuya shi ne duk aikin a kansa yake da aljihunsa: ba littafi, ba mataimaki, ba shamaki tsakanin kuɗinsa da na jama'a. Wannan nazari ya bi watannin da suka biyo bayan rasuwar, da abin da ya lalace, da yadda aka gyaro shi.

Ranar jana'iza

Ya rasu da asuba, bayan kwana huɗu da shanyewar ɓarin jiki wadda hawan jini ya jawo, saura mako biyu a kama azumi. Nan da nan aka sanar a masallatai da WhatsApp cewa jana'iza ƙarfe goma na safe. Ba a sallace shi ba sai bayan azahar, dattawa suna zaune a rana, domin wanda ya saba haɗa komai shi ne a kwance.

Lambobin masu haƙa suna cikin wayarsa, wayar kuwa a kulle. Mabuɗin ɗakin makara yana cikin ledar asibiti, ba a tuna da shi ba sai da aka fara shawarar ɓalle kwaɗo. Da masu haƙa suka iso kuma babu awo. Kabari hawa biyu ne: uwar kabari mai faɗi, sai ɗan kabari a tsakiyarta, siriri, daidai yadda za a kwantar da mutum a gefensa na dama, kai kudu, fuska gabas. Tsawon ɗan kabarin daga gida ake kawo shi da kara ko igiya, in babu shi aikin tsayawa yake. Ƙasar wajen tana da marmara, da rani diga tsalle take yi a kanta. Dabarar Baba ita ce kullum a sami uwar kabari biyu ko uku a haƙe suna jira, in kuma sabon wuri ne a kwarara masa ruwa ya ɗan jiƙu kafin a sa diga. A makon da ya kwanta an yi amfani da waɗanda ke haƙe, ba wanda ya sa aka ƙara. Itacen rufi ma sai da aka je aka saro, aka yanka daidai faɗin ramin, sannan aka lura babu ruwan kwaɓa ƙasar da za a liƙe tsakanin itacen da ita. Jarka huɗu kawai ake nema, amma sai da mai babur ya koma cikin unguwa.

Tsarin da aka kafa daga baya mai sauƙi ne. Awo ne farko, sai masu haƙa, sai ruwa da itace, kuma ba a faɗin lokacin jana'iza sai masu haƙa sun ce ga sa'ar da za su gama. Mabuɗin ɗakin ajiya ya zama uku, a hannun liman da mai unguwa da shugaban 'yan agaji, lambobin masu haƙa kuma aka rubuta da fenti a bangon ɗakin.

Buhunan da ke zaure

Sunna ita ce maƙwabta su dafa wa gidan rasuwa, kamar yadda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarta a yi wa iyalan Ja'afar. Al'ada ta juya abin, gidan da aka yi rashi shi ke ɗora tukunya. Baƙi sun zo daga Toro da Dass da Ningi da Azare, wasu da kwana. Akwai buhun masara takwas a jingine a zaure. Babban cikin 'ya'yan da suka rage ya sa aka kai biyu niƙa, ya sayar da ɗaya aka sayo shinkafa da mai.

Kuskure biyu ne a nan, kuma da kyakkyawar niyya aka yi su. Na farko, daga lokacin da rai ya fita dukiyar ta daina zama ta Baba. Abin da ake fitarwa daga cikinta jere yake: kuɗin likkafani da binnewa, sai bashi, sai wasiyya in akwai, wadda ba ta wuce sulusi, sannan gado. Abincin makoki ba ya cikin jerin, kuma tunda akwai ƙananan yara a cikin magada, babu wanda yake da ikon yafe haƙƙinsu a madadinsu. Na biyu ya fi nauyi: biyar daga cikin buhunan na ciyarwar azumi ne, masu hali na unguwa suka kawo. Alamar kawai ita ce ɗigon jan fenti da Baba yake yi a kunnen buhun amana. Amaryarsa ta san da haka, amma tana ɗaki ta shiga takaba, kuma ba wanda ya tambaye ta. Wannan abu yana yawan faruwa. Maza su zauna a zaure suna ta hasashe, alhali amsar tana bayan labule.

Biyu daga cikin buhu ukun da aka taɓa masu jan fenti ne. Manyan 'ya'yan suka haɗa kuɗi daga aljihunsu suka mayar da duka ukun kafin a ga wata.

Maganar bashi ma ta so ta lalace. A maƙabarta an yi shelar da aka saba, cewa mai bin marigayi ko wanda marigayi yake bi ya ga iyali. Shela irin wannan ba ta cika haifar da komai ba, domin ba a ce wa za a gani ba, kuma mutane suna jin nauyin zuwa gidan mutumin kirki da maganar kuɗi. Sai aka sake ta ranar Juma'a, aka ambaci mutum biyu, ɗaya daga gida ɗaya daga waje, aka ba su littafi mai gida huɗu: suna, adadi, shaida, da abin da ya nuna. Wanda ya zo da da'awa a kan mamaci ba baki kawai zai kawo ba. Ko ya kawo shaidu, a fiƙihun Malikiyya sai ya ƙara da rantsuwa cewa ba a biya shi ba kuma bai yafe ba, saboda wanda zai musa ba ya nan.

Kuɗin jama'a a asusun mutum ɗaya

Shekara da shekaru gudummawar maƙabarta da ta marayu a gwangwani take, ana ƙirgawa a gaban jama'a bayan sallar isha'i. Ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023, bayan da aka sauya fasalin Naira, shi ya canza wannan. Mutane ba su da tsaba, sai suka koma turawa ta waya, lambar asusun da kowa ya yarda da ita kuwa ta Baba ce. Ƙarancin ya wuce, al'adar ta zauna. A asusun nan guda kuɗin walda yake shiga, da kuɗin maƙabarta, da abin da 'ya'yansa suke turo masa.

Ɗaya daga cikin 'ya'yan yana da katin ATM ɗin da lambar sirrinsa, har an ba shi shawarar ya kwashe kafin banki ya ji labari. Allah ya sa bai yi ba. Cire kuɗi da katin mamaci saɓa wa ƙa'idar banki ne, kuma duk abin da ya fita ta wannan hanya yana barin zargi a tsakanin 'yan uba wanda rantsuwa ba ta wanke shi. Wani ruɗani da aka sha bayani a kansa shi ne na wanda aka rubuta a fom ɗin banki a matsayin makusanci. Wannan suna ba ya ba mutum gado, wanda za a tuntuɓa ne kawai. Da zarar an sanar da banki zai rufe asusun, sannan ya nemi takardar shaidar rasuwa ta asibiti, da ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, da takardar kotu mai nuna waɗanda aka ba ikon kula da dukiyar, da katin shaidarsu. Abin yana cin watanni, don haka a wannan azumin kuɗin maƙabarta a kulle yake, sai sabon karo-karo aka yi.

Rarrabewar ita ce aiki. Aka karɓo bayanan asusun na shekara biyu, mutum uku suka zauna dare huɗu suna bi layi-layi, suna kiran masu turawa su duba saƙonnin wayarsu. Aka yi tari uku: wanda ya tabbata amana ne, wanda ya tabbata na Baba ne, da wanda ya shige duhu. Amana ba ta shiga gado ko kusa, gaba ɗaya aka fitar da ita. Na duhun aka yi sulhu a kansa, manyan magada suka bar wa jama'a rabonsu a ciki, na ƙananan aka ajiye musu. Wani abu da lissafin ya tona shi ne abin da ya fita zuwa ga masu haƙa da mai sayar da likkafani ya fi abin da jama'a suka tara. Cikon daga kuɗin walda yake, bai taɓa faɗa wa kowa ba.

Yanzu asusun da sunan kwamiti yake, mutum uku ne masu sa hannu, ba a fitar da kuɗi sai biyu sun sa. Banki ya nemi takardar rajistar ƙungiya, da kundin tsarinta, da rubutaccen bayanin zaman da aka zaɓe su, da BVN na kowannensu.

Fili da jikoki

Baba yana da fili kusa da masallaci wanda ya sha faɗa a majalisa cewa na Islamiyya ne. Kowa ya ji, amma takardar tana akwatinsa, kuma har daminar ƙarshe shi ya shuka gyaɗa a ciki. A mazhabar Malikiyya kyauta da waƙafi ba sa cika sai an yi hauzi, wato abin ya bar hannun mai bayarwa ya shiga hannun wanda aka ba, kafin mutuwa ko ciwon ajali. Ba a yi ba, don haka filin ya koma cikin gado. Mutanen unguwa sun ji zafi, har aka fara cewa 'ya'yan sun ci amanar ubansu. Ba su ci ba, hukuncin ke nan.

Lissafin gadon ya tashi a kan kaso 48. Matan biyu suna da sumuni, ɗaya bisa takwas, wato 6, kowace 3. Iya tana da sudusi, ɗaya bisa shida, wato 8. Saura 34 na 'ya'ya, namiji 4, mace 2. Aka sa masana suka yi wa filin kuɗi. Manyan magada da suka ga dama suka ba da kasonsu waƙafi, mutum biyu suka ce suna da buƙata, aka biya su ba tare da gori ba, kason ƙanana uku kuma jama'a suka saya da cikakken farashi da iznin kotu. Sannan aka rubuta, shaidu suka sa hannu, aka damƙa takarda ga kwamitin makaranta, aka kafa tubali a ranar don hauzin ya zama abin da ido ya gani.

A cikin 48 ɗin nan babu ko ɗaya na jikokin da suka tashi a gidan. Ɗan ɗa ba ya gado muddin akwai ɗa namiji da rai. Da Baba ya yi musu wasiyya da ta zauna daram, tunda su ba magada ba ne, har zuwa sulusin dukiya, kuma ko da baki ya yi ta a gaban adilai biyu ta isa. Abin da ya riƙa faɗa shi ne waɗannan ai nawa ne, wannan kuwa ba wasiyya ba ce. Malamin da ya yi rabon ya karanta aya ta 8 ta Suratun Nisa'i, wadda ta ce in dangi da marayu da miskinai suka halarci rabo a ba su wani abu daga ciki, ya yi shiru. Iya ce ta fara magana daga bakin ƙofarta.

"Malam, ni me zan yi da gona, ƙafata ɗaya tana kabari? Rabin nawa a rubuta wa tattaɓa-kunnena."

"To Iya, Allah ya saka da alheri. Amma yau ɗin nan za a damƙa wa waliyyinsu, kada a maimaita ta fili."

Aka damƙa kafin la'asar.

Sadakar arba'in ta ɗan ta da ƙura, wasu a gidan suna ganinta addu'a ce, wasu suna ganinta bidi'a. Aka tsaya a kan mai so ya yi daga aljihunsa, ba rumfa ba kujeru. Kuɗin da samari suka tara don buga kalanda mai hotonsa kuwa, famfo ne ya cinye shi, kuma gara da aka yi haka.

Famfo

A wata na uku, tsakiyar bazara, famfon tuƙa-tuƙan ya fara nuna alama. Da safe sai an tuƙa sau da yawa kafin ruwa ya fito, sannan ya dawo ɗan tsiriri. Samfurin India Mark II ne. Hannu yana jan sarƙa, sarƙa tana jan rodi, rodin yana bi ta cikin bututun ƙarfe har silinda da ke ƙasa cikin ruwa. Bututu da rodi gaɓa-gaɓa ne, kowace mita 3, wannan rijiya tana da gaɓa goma. Kowace alama da ma'anarta. In ruwa yana jinkiri da safe, bawul ɗin gindi ne yake yoyo ko bututu ya huje, ruwan ya koma ƙasa da dare. In ana tuƙi ruwa kaɗan ke fita, robobin silinda sun cinye. In hannu ya saki ba nauyi, sarƙa ta tsinke ko rodi ya kwance. In yana kaɗawa gefe da gefe da ƙara, boris ne. In ruwa ya fito ja kuma, tsatsar bututu ce.

Robobin ba su da tsada, wahalar ita ce a irin wannan samfuri sai an zaro bututun duka kafin a kai gare su. Samari biyar suka buɗe akwatin Baba suka hau aiki. Sun ga yana yi, amma ba su taɓa lura da ƙa'ida guda ba: ba a kwance gaɓar sama sai an damƙe ta ƙasa da maƙama a bakin rijiya, an gwada ta riƙe. A gaɓa ta huɗu suka dogara da hannu. Bututu cike da ruwa nauyi gare shi, ga santsin laka, gaɓa shida da silinda suka suɓuce suka faɗa rami. Sai da aka ɗauko mai sana'a da ƙugiyar kamo bututu, ya kwana biyu yana fama, kuɗin ya ninka na robobin sau da yawa, mata suna sayen ruwan 'yan garuwa mako uku.

Da aka zaro sai aka ga gaɓa biyu sun huje a wajen zare, aka canza su tare da robobi da bawul. Aka biya mai sana'ar ladan yini guda daban don ya koya wa mutum huɗu, biyu daga cikinsu magidanta ne da ba sa barin gari, domin samari makaranta da neman kuɗi suna ɗauke su. Aka liƙa takarda a murfin akwatin: giris a sarƙa kowane wata, a ɗaure notuna, a share kwata kada ruwa ya kwanta a gindin dakali, a ajiye robobi saiti ɗaya a kowane lokaci. Ashe abin da Baba yake yi ke nan duk safiyar Juma'a, mutane suna ɗauka alwala ya tsaya yi.

Mabuɗi na bakwai

Bayan an rufe littafin bashi wani mai awo daga Muda Lawal ya zo da akwatin ƙarfe a bayan babur. Mabuɗin ya buɗe. A ciki akwai ɗan littafi da rubutun ajami, gidaje tara na zawarawa da tsofaffi, ba suna sai kwatance, kowane gida mudu biyar na masara a wata, Baba yana biya ƙarshen wata. Mai awon ya ci gaba da bayarwa wata biyu bayan rasuwar, don ya kasa kallon matan ya ce babu.

Nan ma aka raba. Awon watan da Baba yake da rai bashi ne a kan dukiya, aka biya shi daga abin da ba a riga an raba ba. Na wata biyun baya ba ya kan magada, domin wakilci yana faɗuwa da mutuwar wanda ya wakilta, sai kwamiti ya ɗauka. An yi gardama kan ko a karanta gidajen a masallaci don a sami masu taimako. Liman ya hana, ya ce wanda ya rufa musu asiri shekaru bai bar wa kowa iznin tonawa ba. Littafin ya koma akwati, mabuɗin yana hannun uwargida, kuma ita da mai awon kaɗai suka san gidajen.

Zuwa yanzu an sami masu ɗaukar nauyin gida shida, kowa yana biyan mudu biyar ba tare da ya san ƙofar da yake shiga ba. Uku suna kan karo-karon Juma'a, wani watan ya isa, wani watan a rage mudu. Buga ƙofa da tsakar dare kuwa har yau ba a sami wanda ya karɓa ba. An rubuta lambobin masu Keke Napep biyu a bangon masallaci, ɗaya yana kashe waya in ya kwanta.